Dish ɗin da Ban Ɗaura wa Surukar Isuhu ba

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata Talata, a shekarata ta shida ina ɗaura wa mutane dish a New York, ranar da na hau rufin wani bene a unguwar Mount Hope na tarar da sararin sama garau, na sauko ina murna, sannan kafin awa guda na rusa aikin da bakina. Ku da kuka shigo aikin nan bana kuna yawan tambayata me ya sa nake ɓata lokaci a falon mutane kafin in taɓa tsani. To ga dalilin.

Bari in fara da yadda aikin yake a lokacin, saboda waɗanda ba su san shi ba. Mu ba ma'aikatan babban kamfanin talabijin ba ne. Wani ƙaramin kamfani ne ya ɗauke mu, mai ofis a unguwar Jamaica ta yankin Queens, shi ke karɓo aiki daga babban ya rarraba mana. Da safe ka zo ka ɗauki mota, a turo maka gidajen ranar a tabulet. Wani can daban, wanda ba ka taɓa gani ba, shi ya riga ya gama ciniki da mai gida ta waya. Kai naka ɗaurawa: ka duba ko dish zai hango tauraron ɗan'adam, ka kafa shi, ka ja waya zuwa ɗaki, ka kunna risiba, sannan mai gida ya sa hannu a tabulet. Daga wannan sa hannun kwantiragin shekara biyu ya fara aiki. Kuma da aikin da ka gama ake biyanka, ba da awa ba.

In aiki bai yiwu ba, dole ka zaɓi dalili a tabulet, kuma dalilan uku ne. Ko dai wani gini ko bishiya ta tare sama, wannan ba laifinka ba ne, amma za a turo wani ma'aikacin ya je ya tabbatar. Ko mai ginin ya hana, shi ma ba laifinka ba ne. Ko kuwa mai gida ya fasa kana tsaye a ƙofarsa. Wannan na ukun a kanka ake rubuta shi, don a ganin kamfani an riga an sayar, bakinka ne ya ɓata cinikin. In ka tara uku a wata guda, sai ka ajiye makullin mota.

Ni kuwa a wannan watan ina da biyu. Na farko wata mata ce da mijinta ya yi cinikin bai gaya mata ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko ƙusa ɗaya ba za a buga mata a gida ba. Na biyu wani dattijo ne da ya tambaye ni ko farashin zai tashi a shekara ta biyu, na ce masa zai tashi. Shugabar sashenmu, Madam Rosa, mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana. Ranar Litinin ta kira ni ofis ta ce mini da Turanci, "Habib, hannunka ya fi na kowa a nan, amma bakinka zai kore ka. Saura ɗaya." Ina da mata da 'ya'ya uku a ɗaki biyu, ga tsohuwata a Zariya tana jiran ƙarshen wata. Na fita daga ofishin da niyyar in zama kurma har watan ya ƙare.

Washegari aikin farko shi ne na Mount Hope. Mai gidan ya sauko ya tare ni a ƙofar bene, dogon mutum siriri, bai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya dubi sunan da ke jikin rigata, ya tambaye ni ƙasata da Turanci. Da na ce Najeriya, sai ya ce, "Kana jin Hausa?"

"Ita na sha a nono," in ji ni.

Ya kama hannuna da hannu biyu. "Alhamdu lillahi! Allah ya kawo mini ɗan'uwa. Ni Isuhu, daga Maraɗi. Malam Habibu, aikin ga ina son ya yi kyau ƙwarai. Iyalina ta haihu, yau kwana goma. Hajiya, mahaifiyarta, ta zo daga gida wankan jego."

Na yi masa barka. Muna hawa bene yana ba ni labari. Tasi yake tuƙawa, awa goma sha biyu a rana. Surukarsa, in ban da aikin Hajji, ba ta taɓa fita daga Nijar ba sai wannan karon. Ya ga tana wuni a falo ba mai shigowa, taga kuma bangon wani gini take kallo, abin ya dame shi. Shi ne ya buga waya ya ce a ba shi tsari mafi girma, wanda ya fi kowane tsada, har da ƙarin tashoshin Afirka. Takardar izinin mai gini ma ya riga ya samo, da sa hannu da komai. A raina na ce yau na tashi da sa'a.

Muka karɓi makullin rufi a wajen mai kula da ginin. Na fito da mitar auna sigina na juya ta kudu maso yamma, inda taurarin suke. Ba gini, ba bishiya, ba tankin ruwa. Mita ta cika har ƙarshe. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, ƙafar ƙarfe kawai zan ajiye in danne ta da bulo, ba sai na huda komai ba. Aikin awa biyu. Na ce wa Isuhu mu sauka in ga inda talabijin take, don in san ta inda waya za ta shiga.

Da muka iso ƙofar falo sai ya cire takalmi, ya durƙusa daga waje, kansa a ƙasa, ya ce, "Ina wuni, Hajiya. Ga mai aikin tele ya zo." Daga ciki aka amsa a hankali, "Lahiya lau. Madalla." Ya miƙe ya koma kicin ya tsaya. Ban yi mamaki ba. Kunyar surukai ce, kuma ta mutanen Maraɗi ta fi tamu ƙarfi. Kwana goma suna gida ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa su. Duk abin da zai faɗa mata sai ya bi ta bakin matarsa, ita kuma maijego tana ɗaki da jaririnta.

Na shiga ni kaɗai. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a kan darduma ta bar kujerun ba kowa, ga kwanon kunun kanwa a rufe a gefenta. Da ta ji na gaishe ta da Hausa sai fuskarta ta washe. Ni ba surukinta ba ne, saboda haka bakinta ya buɗe, kamar mai jiran wanda za ta zazzage wa magana. Ta ce garin nan ba a shiga gidan maƙwabta. Ta ce ta kunna turaren wuta sau ɗaya, wani abu a rufin ɗaki ya dinga ihu har ta zaci gobara ce. Ta ce wanka safe da yamma ne kawai aikinta, tsakaninsu ɗiyarta barci, jariri barci, ita kuwa zaman kallon bango.

Ina auna bayan talabijin ta ce, "Ɗan nan, abin ga da za ka sa, akwai namu ciki?"

"Wanne, Hajiya?"

Ta ciro wayarta daga cikin zane, gilashin duk ya tsage. Ta nuna mini wani wasan kwaikwayo mai dogon zango da take bi duk mako a gida, da tafsirin wani malami, da labaran yamma. Duk na Hausa. Ta ce wayar ƙarama ce, idonta ba ya ɗaukar ta da yawa.

 Na san jerin tashoshinmu kamar yadda na san sunayen 'ya'yana, amma duk da haka na buɗe tabulet na sake bi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ake kira tashoshin Afirka a wannan tsarin, labarai ne da Faransanci, da fina-finai na Turanci, da kiɗa, da wasu harsunan da ni ma ban sani ba. Hausa ko ɗaya babu. Na tambaye ta ko tana jin Faransanci. Ta yi dariya ta ce ita ko lakwal ba ta taka ba, wato makarantar boko. Na tambaye ta yaushe za ta koma. Ta ce ana yin arba'in za ta tafi, ta bar awakinta a hannun mutane.

Da na yi shiru da na tsira. Amma tsohuwa ta tambaye ni, idonta a kaina. Na ce, "Hajiya, gaskiya babu namu a ciki."

Ta dubi talabijin ɗin da ke kashe. Sannan ta rage murya ta ce, "To, kar ka gaya mashi. Yaron ga ya kashe kuɗɗinshi don shi girmama ni. In ya ji, kunya za shi ji, ni ma in ji. Ka sa abinka. Ni in zamna in kalli hoto, kwana nawa ne? Amana na ba ka."

Ku duba yadda abin ya zo mini da sauƙi. Mai biya yana so a ɗaura. Mai kallo ta ce a ɗaura, har ta ɗora mini amana. Kamfani yana so a ɗaura. Ni kuma aikina yana rataye a kan wannan dish ɗin. Ba mai zargina ko a duniya. Na fito daga falon na nufi mota in ɗauko kaya, na isa bakin matakala, sai na tsaya. Abin da ya tsaya mini shi ne kwana talatin da shekara biyu. Tsohuwa za ta yi kwana talatin tana kallon bakin mutanen da ba ta jin abin da suke faɗa, ta tafi, shi kuma ya yi ta zagaya gari a tasi har shekara biyu yana biyan abin da ba mai kunnawa.

Na koma kicin. Ban faɗa masa abin da ta ce ba. Na tambaye shi, "Malam Isuhu, in Hajiya ta koma, wa zai riƙa kallo?"

Ya yi dariya. "Ni ina na ga lokaci? Iyalina kuma kullum tana kan waya. Don Hajiya ne kawai."

Na miƙa masa tabulet. "To ga jerin tashoshin da ka saya. Nemo mini ta Hausa."

Ya bi jerin da yatsa har ƙasa, ya dawo sama, ya sake bi.  Ya ce, "Amma sau uku na tambayi mutumin a waya. Ya ce duk na Afirka suna ciki."

Nan na zauna a kan kujerar kicin na yi masa bayanin da ba a biyana in yi. Na ce dish abu ne mai kyau, da shi nake ci da iyalina. Ba ruwansa da intanet, ba ya tsayawa yana juyi a tsakiyar magana sai dai in hadari ya yi ƙarfi, kuma tsoho na iya haddace lamba uku a rimot ya samu tasharsa ba tare da ya kira kowa ba. Wanda ya zauna daram a gida ɗaya, mai son ƙwallo da labarai da tashoshi barkatai, dish ya dace da shi. Amma ɗauri ne. In ka sa hannu shekara biyu ce, farashin da aka gaya maka na shekarar farko ne, in ka fasa a tsakiya akwai tara, in ka tashi ka koma gidan da ba ya hango sama, rigima ce sabuwa.

Akwai wata hanyar kuma, na ce masa, kallo ne ta intanet, wanda ake saya wata-wata ba kwantiragi. Ka biya wata ɗaya, in ya ƙare ka ga dama ka sabunta, in ba ka so ka tsayar. Shi ma yana da nasa: in intanet ɗin gidan ba shi da ƙarfi zai riƙa sarƙewa, tsofaffi na shan wahalar nemo abu a cikinsa, kuma in mutum ya biye wa zuciya ya sayi wannan ya sayi wancan, sai ya tarar ya kamo kuɗin dish bai sani ba. Sai dai abin da Hajiya za ta ji, can yake. Wasu shirye-shiryen ma kyauta ne. Na tambaye shi ko akwai intanet a gidan, ya ce akwai mai ƙarfi. Na ce to ɗan abu ne kamar yatsa, a soka a bayan talabijin, a sayi wata guda, shi ke nan.

Fuskarsa ta ɓaci. "Kamar yatsa? Malam Habibu, can gida an riga an ji na sa ma Hajiya parabol. Ƙanena ya gaya ma kowa. Yanzu in ɗauko abin da bai kai yatsa ba in ce shi ne na surukata? Mi za a ce?"

Na gane shi sarai, parabol shi ne dish a bakin mutanen Nijar. A garuruwanmu dish a kan rufi shaida ce, daga bakin titi ake hango shi. Na ce masa, "Malam Isuhu, wannan rufin hawa shida ne, kuma a kulle yake. Ko Hajiya ba za ta taɓa ganin dish ɗin ba, balle mutanen Maraɗi. Abin da za ta ba da labari in ta koma, shi ne abin da ta gani a falo."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To a bari." Sannan ya ɗago. "Amma kai, ba za ya taɓa aikinka ba?" Na ce kada ya damu. Ban ce masa a'a ba, don ba zan iya ba.

A cikin mota na zauna da tabulet a cinya, dalilai uku suna kallona. Wallahi yatsana ya je kan na farko, wato gini ya tare sama. Sai na tuna za a turo wani ya hau wannan rufin ya ga abin da na gani. Korar wanda ya tara uku daban, korar maƙaryaci daban, don shi ba kamfanin da zai sake ɗaukarsa. Na danna na uku. A gurbin bayani na rubuta cewa mai gida ya nemi tashar Hausa, an ce masa akwai, babu. Na kira Madam Rosa na gaya mata. Ta ce, "Ka gama ayyukan makon. Ranar Juma'a da safe ka zo ofis da makullin."

Kwana ukun nan ban ji daɗinsu ba. Ina ɗaura dish ina tunanin wa zan roƙa ya ara mini tasi. Matata ta ga ba na cin abinci, ta tambaya, na ce ciwon kai ne. Na yi fushi da kaina, na yi fushi da tsohuwar da ta tambaye ni, har da mutumin wayar da ban san fuskarsa ba.

Ranar Juma'a na shiga ofis na ajiye makullin a kan tebur tun kafin a nema. Madam Rosa ba ta ko dube shi ba. Ta ce in zauna, ta juyo da kwamfutarta. Ashe duk cinikin da aka yi ta waya ana naɗarsa, kuma ta nemi a turo mata na Isuhu. Ta kunna. Ga muryarsa nan da Turancinsa na direba yana tambaya, akwai Hausa? Mai sayarwa ya ce duk tashoshin Afirka suna ciki. Ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa iri ɗaya. Na uku har da rantsuwar cewa tsohuwarsa za ta ji daɗi.

Ta kashe. Ta ce akwai dalili na huɗu da ba ya fitowa a tabulet ɗinmu, sai shugaban sashe ke iya sa shi: an sayar wa mutum abin da babu. Wannan a kan masu ciniki yake komawa, ba a kan mai ɗaurawa ba. Ta ce da na ɗaura, mutumin ya kai ƙara cikin wata, da babban kamfani ya janye duk abin da ya biya mu, kuma tambayar farko da za a yi ita ce wa ya je gidan, ya aka yi bai lura ba. Ta turo mini makullin da bayan biro. "Biyun farko suna nan a kanka," in ji ta. "Kada ka ɗauka na yafe. Tashi, kana da gida huɗu yau."

Na ɗauki makullin na fito. Na shiga mota na rufe ƙofa, na kifa kaina a sitiyari na yi ta hamdala, ban san sau nawa ba. Sai a lokacin na ji yunwar kwana uku ta taso mini gaba ɗaya. Na kira matata na gaya mata komai. Ta ce, "Au, shi ne ciwon kan?" Ta yi mini faɗa sosai, ni kuwa ina ta dariya kamar wawa.

Bayan kamar wata biyu na haɗu da Isuhu a bakin wani masallaci a unguwar Harlem, an idar da Juma'a. Ya ja ni wajen tasinsa. Ya ce a ranar ya sayo ɗan abin, matarsa ta haɗa, ta koya wa Hajiya maɓalli biyu. Ya ce in ya dawo aiki daga matakala yake jiyo ta tana yi wa 'yan wasan faɗa. Ta koma Maraɗi, shi kuma ya tsayar da biyan a ranar da ta tashi. Sannan ya buɗe but ɗin motar ya ɗauko ƙullin kilishi.

"Ta bar maka wannan wajen iyalina. Kuma wai a gaya maka ba ka da riƙon amana, amma ta yahe maka." Ya dube ni. "Wace amana ce?"

Na ce, "Tsakanina da ita ce."

Har yau bai san ta riga shi sani ba, ita ma ba ta taɓa nuna masa ba. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. A gidajen mutanenmu, sau da yawa mai biya daban, mai kallo daban, kuma akwai kunyar da ba za ta bar su su gaya wa juna gaskiya ba ko za su shekara a ɗaki ɗaya. Mai ciniki a waya ba ya ganin wannan, mita ma ba ta auna shi. Kai baƙon da ya shigo da jakar kayan aiki, kai kaɗai ne kowannensu zai iya buɗe wa baki. Saboda haka kafin ku hau rufi, ku shiga falo ku durƙusa ku gaida wanda zai zauna a gaban talabijin ɗin, ku tambaye shi me yake kallo da kuma kwana nawa zai yi. In ya ce muku komai ya yi, madalla, kada ku tashi. Ku gyara zama ku sake tambaya.